HURUMIN TSUNTSAYE DA KIFI: AMANAR TSIBIRIN FOGE A WUYANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da ƙoramu a cikinta, Ya hore wa tsuntsaye sararin samaniya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mun sani cewa da aka sanar da maudu'in wannan lacca wasu daga cikinmu sun yi mamaki. Ƙasar Zuru ta sha fama da rashin tsaro, mutane da yawa sun bar gonakinsu, ga tsadar rayuwa, to, wane lokaci ne kuma za a samu na maganar tsuntsaye? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu kauce mata ba. Amsarmu a taƙaice ita ce, ruwan da tsuntsu ke sauka a kansa shi ne ruwan da kifinmu ke hayayyafa a ciki, shi ne dabbobinmu ke sha, shi ne kuma muke noman rani da shi. Idan ya lalace, tsuntsu yana da fiffike, zai tashi ya nemi wani wuri. Talakan da ke bakin ruwan ne zai rasa inda zai sa kansa. Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku, mu bi maganar daki-daki.

MENE NE TSIBIRIN FOGE?

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, tun daga madatsar har zuwa wajen Yawuri. Tsohon garin Bussa ya nutse, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, cikinsu har da Gungawan da ke zaune a tsibirran kogin tun kaka da kakanni. Kudu da Yawuri, inda tafkin ya fi faɗi, akwai wani babban tsibiri da ake kira Foge, wanda ruwa ya cinye mafi yawansa, ya bar tuddai da ƙananan tsibirrai a tsakanin Jihar Kebbi da Jihar Neja.

Ruwan Kainji ba ya zama a wuri ɗaya. Sau biyu yake samun ƙari a shekara: akwai farin ruwa, wanda daminar ƙasashenmu ke kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana tafiya kafin ya iso mana da sanyin hunturu. Idan tafkin ya cika, ciyayin gaɓa su kan nutse, kifi ya shiga ciki ya yi ƙwai, 'ya'yansa su sami maɓoya. Idan ruwa ya janye, sai ya bar kududdufai da taɓo da ciyawar burugu. Wannan cika da janyewa shi ne sirrin albarkar wurin, domin shi ke tara masunta da makiyaya da manoma da tsuntsaye a kan abinci ɗaya.

Saboda wannan ne a ranar 30 ga Afrilu, 2008, aka shigar da tsibirran Foge, masu faɗin hekta 4,229, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ita wannan yarjejeniya an ƙulla ta ne a shekarar 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, domin kiyaye fadamu da tafkuna da bakin teku. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 180 a Foge, kuma kula da wurin yana ƙarƙashin hukumar Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dazukan Borgu da Zugurma.

ABIN DA TSUNTSU KE GAYA MANA

Wasu daga cikin tsuntsayen Foge 'yan gida ne da muka sani, irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya. Wasu kuwa baƙi ne da ke tasowa daga ƙasashen Turai idan sanyi ya kama can, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a ruwayenmu wajen watan Oktoba, sa'annan su koma wajen Maris ko Afrilu. Tafiyarsu kamar ta fataken dā ce, zango-zango. Akwai zangonsu a Djoudj, kusa da inda Kogin Senegal ke shiga teku, akwai a fadamun Kwara na ƙasar Mali, akwai a Haɗeja da Nguru, akwai a Tafkin Chadi, akwai kuma a Kainji. Duk zangon da ya mutu, ayarin ne baki ɗaya ke wahala.

Manominmu ya daɗe da sanin cewa tsuntsu ma'auni ne. Idan ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka, ya san damina ta kusa, sai ya fara gyaran gona. Haka nan masunci, inda ya ga tsuntsayen ruwa sun taru ya san akwai kifi. Saboda haka idan tsuntsaye suka ƙaurace wa wani ruwa, saƙo ne cewa abincin da ke cikinsa ya ƙare ko kuwa guba ta shige shi. Ruwa ba ya tsami banza. Mu tambayi dattawan da ke zaune a nan, yaushe rabonsu da ganin gauraka a fadama? Ga shi ana kiran gauraka tsuntsun ƙasa na Nijeriya, alhali yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Ga wani misali da zai nuna mana cewa ɓacewar tsuntsu tana iya komawa kan rayukan mutane. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, ungulaye suka dinga mutuwa saboda wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, har fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suka ƙare kafin a hana maganin a 2006. Mushe ya rasa mai cinye shi, karnukan banza suka yawaita, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 a tsakanin 2000 da 2005. Mu ma a nan, ungulun da ta cika mahautanmu a dā ta yi wuyar gani, kuma cikin manyan dalilai akwai farautarta da ake yi ana sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu.

HIMA DA HURUMI A SHARI'A

Akwai masu ɗaukar cewa keɓe wuri domin namun daji da tsuntsaye al'ada ce ta Turawa. Wannan kuskure ne da rashin karatu ya jawo. A aya ta 38 ta Suratul An'am, Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A aya ta 41 ta Suratun Nur Ya ambaci tsuntsaye cikin masu yi maSa tasbihi. A aya ta 41 ta Suratur Rum kuma Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata.

A aikace kuwa, Makka da Madina haramai ne guda biyu da ba a farauta a cikinsu, ba a sare itatuwansu. Duk wanda Allah Ya kai shi aikin Hajji ya ga yadda tattabaru ke yawo a tsakanin ƙafafun mutane babu tsoro. Baya ga wannan, Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira hima, wato filin da shugaba ya tsare domin maslahar jama'a. Sayyidina Umar (R.A.) shi ma ya keɓe Rabaza, ya naɗa mata mai gadi. Abin lura a nan shi ne umarnin da ya ba mai gadin, kamar yadda Imam Malik da Imam Buhari suka ruwaito: ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garkunan attajirai, domin attajiri idan dabbobinsa suka halaka yana da gonar da zai koma, talaka kuwa ba shi da komai. Ashe ke nan hima ta Musulunci tana da sharuɗɗa biyu: iyaka wadda ake tsarewa, da adalci ga mai rauni.

Ko a ƙasarmu wannan ba baƙon abu ba ne. Kalmar hurumi da muke amfani da ita ta samo asali ne daga harimi ta Larabci, wato filin da ake bari a kewayen gari ko rijiya ko kogi, wanda babu mai ikon mallake shi shi kaɗai. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya yi littafi musamman a kan hukunce-hukuncen ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya matacciyar ƙasa da harimi da hima. A Argungu kuma, ba tare da mun shiga maganar shagulgulan bukin ba, kowa ya san cewa ana hana su a Matan Fada tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma wannan hanin ne ya sa ake fito da manyan giwan ruwa ranar da aka buɗe.

Game da shi kansa tsuntsun, Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana shawagi cikin firgici, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. Imam Muslim kuma ya ruwaito hani ga mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Shari'a ta halatta farauta da su domin ci, amma ta haramta kisan wasa da ɓarna.

INA ƁARNAR TAKE?

Ta farko ita ce kama kifi tun bai girma ba. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya riƙa ƙididdige kifin da ake kamawa a Tafkin Kainji. A 1996 an kama kimanin tan 38,000, amma kafin ƙarshen shekarar 2000 adadin ya faɗo ƙasa da rabin haka. Cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi akwai taru mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa, wanda ke kwashe manya da 'ya'ya gaba ɗaya, har ta kai ga an haramta shi a ƙarshen shekarun. Wanda ya kama ɗan kifin da bai kai yatsa ba, ya ci abincin baɗi ne a bana, nasa da na maƙwabcinsa.

Ta biyu ita ce guba. Iyayenmu sun san magimfa, amma abin da ya zo daga baya ya fi ta muni nesa ba kusa ba, wato zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20 a cikin ruwa domin kifi ya taso. Wannan guba tana kashe kifi da ƙwansa, ta kashe tsuntsun da ya ci kifin, ta zauna a jikin mutumin da ya saya ya kai wa iyalinsa. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki, kuma a 2009 aka sa sinadarin da ke cikin Gamalin a jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su. Idan har shari'a ta hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ina ga zuba masa guba?

Ta uku ita ce kashe gaɓa. Idan aka sare itatuwan bakin rafi domin gawayi, aka yi noma har cikin ruwa, zaizayar ƙasa za ta cika kududdufai da yashi, ciyawar da kifi ke ƙwai a ciki ta mutu, tsuntsu ya rasa inda zai yi sheƙa. Ga kuma kwasar ƙwai, da farautar ayu da dorina waɗanda tuni suka yi ƙaranci. Mu haɗa da wankin ma'adinai a rafuka, mu tuna da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, nan kusa da mu.

DARASI DAGA WASU WURARE

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dausayin Haɗeja da Nguru yana daga cikin manyan zangunan tsuntsaye a Afirka ta Yamma. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cika da janyewar ruwa ta canza, ciyawar kacala ta toshe magudanai, gonakin shinkafa da wuraren su suka mutu a wurare da yawa, kuma ita kacalar ta zama maɓoyar jan baki. Manomi da masunci da makiyayi duk suka yi asara tare.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai labari mai ƙarfafa gwiwa daga tsibirin Misali, kusa da Pemba a Zanzibar. Masuntan wurin Musulmi ne, wasunsu kuma sun saba jefa nakiya a teku domin kama kifi, dokar hukuma ta kasa hana su. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara zama da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin masunta, ana karantar da su matsayin amana da halifancin ɗan Adam a bayan ƙasa. Da yawansu suka bar nakiyar da kansu. Mutum yana iya ɓoye wa jami'in gandun daji, amma wanda ya san Allah Yana ganinsa a tsakiyar ruwa da tsakar dare ba ya bukatar mai gadi.

AMSAR WASU TAMBAYOYI BIYU

Manomi zai ce, to jan baki fa da ke cinye mana gero da dawa da shinkafa? Amsa ita ce, shari'a ta yarda a tunkuɗe cuta, kuma korar jan baki daga gona ko yaƙarsa halal ne. Amma cuta ana tunkuɗe ta ne gwargwadonta. Ba daidai ba ne a zuba guba a mashaya domin jan baki, ta kashe balbelar da ke cinye fara da ƙwarin gona, ta kashe shaho da shirwa masu rage ɓeraye, ta kashe akuyar maƙwabci.

Masunci kuma zai ce, idan an hana ni wannan taru, me 'ya'yana za su ci yau? Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma amsarta tana cikin umarnin Sayyidina Umar da muka ambata. Duk hurumin da aka tsare shi a kan talaka, aka buɗe shi ga mai kuɗi ko mai cin hanci, zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba. Wajibi ne hukuma ta zauna da sarakunan ruwa da masunta kafin ta sa doka, ta taimaka masu da kayan su na halal, ta kuma fara hukunci daga kan manya. Muna kuma kira ga gwamnati da ta tsare Gandun Dajin Kainji daga 'yan bindigar da suka sami mafaka a cikinsa a 'yan shekarun nan. Dajin da masu gadi suka bari, miyagu ne ke gadonsa, kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin ma'anar haka.

ABIN DA YA RATAYA A KANMU A KANYA

Kada wani ya ce Foge tana da nisa. Gulbin Ka da ke bi ta arewacin ƙasar Zuru yana zuba ne a Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara, Kwara ta zuba a Kainji. Bandar kifin da ake kawowa kasuwanninmu kuma da yawanta daga Yawuri take. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari:

Na ɗaya, masu unguwanni da dagatai da hakimai su farfaɗo da hurumin rafuka da tafkunan da ke ƙasarsu, a bar tazara a bakin ruwa wadda ba a nomawa, ba a sare itacenta, a kuma bar wa makiyaya burtali zuwa mashaya.

Na biyu, manoma su daina wanke tankin feshi a rafi, su daina jefa robobin maganin ƙwari a fadama ko mayar da su mazubin ruwan sha.

Na uku, 'yan kasuwa da masu cefane su ƙi sayen kifin da ake zargin da guba aka kama shi, da 'ya'yan kifin da ba su girma ba. Ranar da babu mai saye, babu mai kamawa.

Na huɗu, iyaye da malaman Islamiyya su hana yara harbin tsuntsu da danƙo domin wasa, da kwashe sheƙa, su koya masu sunayen tsuntsayen garinsu, domin yaro ba ya tausayin abin da bai sani ba.

Na biyar, limamai su sa wannan magana a huɗubobinsu, musamman gab da damina lokacin da kifi da tsuntsaye ke hayayyafa, su kuma yi wa mutane gargaɗi a kan cinikin sassan ungulu.

KAMMALAWA

Ya 'yan'uwa, iyayenmu sun bar mana fadamu masu kifi da sama mai tsuntsaye, ba domin ba su jin yunwa ba, sai domin sun san iyaka kuma sun tsare ta. Za a tambaye mu abin da muka bar wa na bayanmu. Duk wanda ya koma gida daga wannan majalisi, ya dubi rafin da ya fi kusa da gonarsa, ya fara gyara daga nan tun kafin ruwan bana ya sauka.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu da dabbobinmu, Ya sa mu cikin masu gyara. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.